Jakar mai gyaran wuta a Legas: daga gindi ake fara dubawa

Wani yarona da muka yi shekara 4 tare, wanda na yaye bara waccan, ya same ni a shago a Agege da sabuwar jaka rataye a kafaɗa. Baƙa ce mai ratsin ruwan ɗorawa, aljihuna ta ko'ina, ga tambarin wani babban kamfani an manna mata a gaba. Ya dire ta a gabana yana murmushi, ya ce, "Oga, duba min, na iya sayayya ko?" Na ɗaga ta, na kifar, na danna gindinta da babban yatsa. Yatsan ya lotsa, na ji kwali ne aka cusa tsakanin yadi biyu. Na ce masa, "Ka yi haƙuri, wannan ba za ta ga ƙarshen damina ba." Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji daɗin faɗa ba, don na san kuɗin gumi ne. Kafin watan Agusta ya dawo da ita. Kwalin ya jiƙe ya dagargaje, zif ya wage baki, filayarsa guda biyu sun yi jawur da tsatsa.

Abin ya tsaya min a rai, saboda mu manya muna da namu laifin. Muna koya wa yara jan waya a cikin bututu, da haɗa akwatin sauya layi tsakanin wutar NEPA da ta janareto, da raba kaya a kan layuka uku don kada ɗaya ya ɗauki nauyin sauran. Amma ban tuna ranar da na zaunar da wani na nuna masa yadda ake zaɓen abin da zai zuba kayan aikin a ciki ba. Mun ɗauke shi ƙaramin abu. Wasu ma da buhun shinkafa ko jakar Gana-mas-go suka fara, har yau kuma suna ganin duk abin da ya ɗauki kaya ya wadatar.

Kafinta ko birkila zai iya yin wannan tunanin ya kwana lafiya. Mai wuta ba zai iya ba, ga kuma dalili. Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, inda ake da layi uku kuwa tsakanin layi da layi bolt 400. Abin da ya raba tafin hannunka da wannan wutar shi ne 'yar robar da ke jikin mariƙin filaya da sukudireba. Kayan aiki na gaske masu rufin kariya, waɗanda aka yi bisa ƙa'idar IEC 60900, za ka ga an buga musu lambar 1000V da alamar kusurwa-uku guda biyu a sarƙe, kuma ana gwada su da bolt 10,000 kafin su bar masana'anta. Sai dai wannan gwajin yana da amfani ne muddin robar tana nan lafiya. Ka jefa sukudireban a jaka mai ciki ɗaya tare da kurfi da ruwan zarto da kusoshi, ka hau motar da ke faɗawa ramuka daga Agege har Oshodi, kowane girgizo yanka ne a jikin robar. Kamfanoni da yawa suna yin rufin hawa biyu, ja a sama rawaya a ƙasa, domin idan ka hango rawaya ka san kariyar ta tafi. Ƙaramin tsagu a mariƙi, ga hannu da gumi, ga ƙasa a jiƙe, ya isa ya sa a yi wa mutum salla. Shi ya sa nake lissafa jaka cikin kayan kariya, sahu ɗaya da safar hannu da takalmin aiki.

To, me ke kashe jaka a garin nan? Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san ƙura da zafin rana ne abokan gābar kaya. Legas dabam take. Damina tana kankama tun wajen Afrilu, ta yi tsanani a Yuni, ta ɗan sarara a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar kanta a jiƙe take, har tufafin da ka shanya su wuni ba su bushe ba. Idan kuma aikinka ya kai ka Lekki ko Ajah ko Victoria Island, sai a ƙara maka da gishirin teku a cikin iskar, wanda ke cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin itace.

Mafi yawan masu sayen jaka sama suke kallo, suna tambaya ko ruwa zai shiga ta baki. Ni a abin da na gani, ta ƙasa ruwa ke shiga. Ruwan sama kana ganinsa, kana iya fakewa ko ka rufa leda. Wanda ba ka lura da shi shi ne daɓen ginin da ba a gama ba, inda ruwa ya kwanta haɗe da siminti, da ƙasan danfo, wato ƙaramar motar haya ta Legas, da fasinjoji suka tattake da jiƙaƙƙun takalma, da bakin kwata inda ka dire jakar kana jiran mota. Sau goma ko fiye a yini kake ajiye ta a ƙasa. Saboda haka gindi ne farkon abin dubawa. Wanda ya fi shi ne na roba mai tauri da aka zuba a matsayin abu guda, kamar ƙaramin baho, wanda gefensa ya ɗago sama kamar faɗin yatsu uku, ba ɗinki ko ɗaya a inda yake taɓa ƙasa. Irin wannan yana kuma sa jaka ta tsaya da kanta, ba ta kife ta zubar da kaya idan ka buɗe ta a kan tsani ko cikin silin. Mai bi masa shi ne gindin tamfol mai kauri da aka sa wa ƙafafun roba. Na yadi zalla da kwali ko soso a ciki kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka ajiye shi don zuwa kasuwa.

Bayan gindi sai yadin jiki, kuma a nan ne masu sayarwa suka fi rikita mutane da lambobi. Za ka ga an rubuta 600D ko 1680D. Wannan D ɗin ma'aunin kaurin zare ne: idan aka auna zare mai tsawon mita 9,000, giram nawa ya yi. Wato zaren 1680D ya kusa ninka na 600D sau uku a nauyi. Lambar tana da amfani, amma kaurin zare kawai take faɗa. Ba ta gaya maka ko saƙar ta matsu ko sako-sako ce, ba ta gaya maka da me aka yi zaren. Ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa, ka karce shi da farce ka ga ko zaren yana gocewa. Hannu da ido sun fi takardar da aka rataya gaskiya.

Zaren kansa yawanci ɗayan biyu ne, nailan ko foliyesta. A Legas idan ka ce nailan za a miƙo maka leda, amma a nan zaren saƙa nake nufi. Nailan mai kauri ya fi jure gurza da ja, kuma asalin irinsa da ake yabo kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don rigunan kariyar sojojin sama. Foliyesta kuwa bai kai shi juriyar gurza ba, amma bai cika shan ruwa ba, kuma ya fi jure rana. Akwai wani bambanci da ya shafi 'yan'uwanmu da suka koma aikin sola da inbata, waɗanda kullum suna ƙaruwa. Ruwan batir yana cinye auduga, yana kuma lalata nailan, alhali foliyesta ya fi jure masa. Wanda ke wuni cikin ɗakin batura yana ƙara musu ruwa, ya yi la'akari da wannan kafin ya biya kuɗin nailan mai tsada.

Sai ka juya cikin jakar waje ka dubi bayan yadin. Abin da ke hana ruwa ratsawa shafe ne da ake yi wa bayan. Wani shafen siriri ne mara nauyi, amma a wuri mai zafi da laima irin namu yana ruɓewa da kansa ko ba a yi amfani da jakar ba, ya riƙa danƙo yana saɓulewa kamar fatar da ta ƙone, da wani wari mai tsami. Wannan ne ciwon da ya fi kama jakunkunan gwanjo, waɗanda daga waje suke kamar sababbi. Wani shafen kuma mai kauri ne irin na tamfol, ya fi nauyi, yana iya tsagewa a wurin lanƙwasa bayan shekaru, amma ya fi dacewa da garin nan.

Fata fa? Mu jikokin dukawa ne, mun san darajarta, kuma a Arewa jakar fata mai kyau tana iya kai mutum tsufa. A nan ka rataye ta mako biyu a damina ka ga yadda fumfuna za ta lulluɓe ta, ga nauyi idan ta sha ruwa, ga riƙe danshin a jikin ƙarfen da ke ciki. Inda take da amfani shi ne kusurwoyi da mariƙi da 'yar jakar ƙugu.

Duk da haka, da wuya ka ga jakar da yadinta ya mutu tun da fari. Ɗinki da zif ne ke fara tafiya. Kama mariƙin ka bi shi da ido ka ga inda ya ƙare. Idan an ɗinke shi ne kawai a leɓen jakar, duk nauyin kayan yana rataye a kan zare 'yan ƙalilan, wata rana a tsakiyar titi zai bar ka da mariƙi a hannu. Mai kyau shi ne wanda igiyar ta gangara ta zagaye ƙarƙashin jakar ta fito ta ɗaya gefen, ya zama jakar zaune take a cikin igiyar. Inda igiya ta haɗu da jiki a ga ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a tsakiya, bakin kowane aljihu a ga an maimaita ɗinki ya yi tudu, gefunan yadi na ciki a ga an naɗe su da ƙyalle don kada su zare. Idan an ƙara da ƙusar matsi, to, amma ka duba ko akwai wani abu a bayanta da zai hana ta yaga yadin, ka kuma sani ita ce za ta fara tsatsa.

Zif kuwa yana da lamba a bayan kansa, galibi 5 ko 8 ko 10, wadda take nuna faɗin haƙoran da milimita idan suna rufe. Lamba 5 ta jakar makaranta ce. Babban bakin jakar kayan aiki yana son 10, ko aƙalla 8. Sunan da aka fi yarda da shi a duniya shi ne YKK, kamfanin Japan da aka kafa a 1934, kuma saboda wannan yardar ce ake buga sunan a kan na jabu, don haka kada haruffa uku su rufe maka ido. Ja shi sau goma, musamman a kan kwana, ka ji ko yana sarƙewa. Mai aiki kusa da teku ya fi kyau ya nemi mai manyan haƙoran roba, domin kan zif na ƙarfe yakan yi wani farin gari ya kafe. Maganinsa goga kyandir lokaci zuwa lokaci. Kada a sa baƙin mai, yashi yake tarawa. Kuma a nemi mai kai biyu da ake iya haɗawa da ɗan kwaɗo, don a cikin cunkoson tasha hannu ba ya sallama kafin ya shiga jaka.

Wannan ya kawo mu ga hanya, wadda ita ce ke yanke hukuncin irin jakar da ta dace da mutum. Da can mai gyara yakan ɗora akwatinsa a kan tankin acaɓa a kai shi har ƙofar gida. Tun da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a Fabrairun 2020, ta sake tsaurarawa a Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, tafiyar ƙafa ta ƙaru. Yanzu sai ka sauka daga danfo ko babbar bas ta BRT, ka hau gadar masu ƙafa, ka taka mai nisa cikin rukunin gidajen da ba a barin Keke Napep ya shiga, masu gadi su ce buɗe mu gani. Ga wanda rayuwarsa ke nan, ni jakar goyo nake ba shi shawara, mai maratayi biyu masu faɗi da laushi da ɗamarar ƙirji. Nauyi yana rabuwa a kafaɗu biyu, hannuwa suna sake don kama ƙarfen mota ko tsani, a cikin mota kuma tana zama a kan cinya ba sai kwandasta ya ce ka biya kuɗin kujera ba. Jaka mai buɗaɗɗen baki tana da daɗin aiki, kana ganin komai kana ɗauka, amma ta mai mota ce ko wanda zai yi wata guda a gini ɗaya. Akwatin ƙarfe ban ga wurinsa a aikinmu ba: ga nauyi, ga tsatsa, ga shi wuta na bi ta jikinsa idan ya taɓa inda bai kamata ba.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi, na sayen babba don "ta ɗauki komai". Duk sararin da ka bari sai ka cika shi. Naɗin waya guda mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da tsawon mita 100, jan ƙarfen da ke cikinsa kaɗai ya haura kilo 2, ban da robar. Injin huda kankare yana kusan kilo 3. Ƙara guduma da kurfi da mitar awon wuta da batura da soket-soket, sai ka ga mutum yana tafiya a karkace. Babu zif ɗin da zai jure a riƙa danne jaka da gwiwa kafin a rufe shi, babu kuma bayan da zai jure wannan shekara da shekaru. Injin huda ya zauna a akwatinsa na roba, waya da kayan da za a ɗaura su tafi a buhu dabam, jaka ta ɗauki kayan hannu da na awo. Matsakaiciya da ta tilasta maka zaɓe kowace safiya ta fi daɗewa.

Yawan aljihu ma ba shi ne ba. Aljihu 40 da ba su da zurfi, gara 15 da aka yi su daidai da kayan. Abin nema shi ne aljihunan tsaye inda kowane sukudireba da filaya zai tsaya shi kaɗai, mariƙi a sama, ba ya gogar ɗan'uwansa. Wannan tsarin yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Idan ka gama aiki ka ga gurbi ɗaya fayau, ka san ka bar wani abu a silin ko a cikin akwatin rarraba wuta, ka koma ka ɗauko kafin a mayar da layi. Mitar awo tana son ɗakinta dabam mai laushi, a sama, nesa da guduma, domin mitar da ta sha duka ko danshi tana iya nuna maka babu wuta alhali akwai, kuma wayoyinta masu tsini suna tsagewa kamar yadda mariƙin filaya ke yi. Baturan injin hannu kada su kwana wuri ɗaya da kusoshi da notina, ƙarfe guda ya haɗa bakinsu biyu sai zafi, wani lokaci har gobara. Ƙananan kaya a zuba su a robar da ke da murfi. Kuma a duba launin cikin jakar. Mu da yawancin aikinmu a duhu ne, da fitila a goshi ko waya a baki, ciki mai baƙin launi yana haɗiye baƙin salatif da ƙaramin sukudireba. Mai haske, ruwan lemo ko toka, ya fi.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta kai yarona ga waccan jakar. Sunayen da ake ji a wannan fanni, irin su Klein Tools na Amurka da ke ƙera kayan masu aikin waya tun 1857, ko Veto Pro Pac, kayansu da dala ake shigo da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji a Yunin 2023 sun yi wa mai gyaran unguwa nisa. Masu sauƙin kuɗi irin Ingco da Total da Stanley ana samunsu a manyan kasuwanni kamar Alaba International da ke Ojo. A kowace babbar kasuwa kuma akwai na gaske, akwai wanda suna kawai ya ara, shi ya sa na daɗe a kan gindi da ɗinki da zif, don su ba sa ɓuya. Lissafin da ya kamata mutum ya yi shi ne na shekara. Jakar da za ka sake saya sau uku kafin shekara ta zagayo, ka haɗa da filayar da ta yi tsatsa da mitar da ta jiƙe, ta fi mai tsadar tsada. Gwanjo a kasuwar Katangowa hanya ce mai kyau ga mai haƙurin tonawa, in dai ya juya cikin ya shinshina.

Hanyar da na fi so, wadda kuma muke rainawa, ita ce ta masu ɗinkinmu. Jaka mai ƙarko ita ce wadda idan wani sashe ya lalace ake iya gyara shi a unguwa, kuma garin nan cike yake da shumeka da masu ɗinkin tamfol da kujerun mota, da yawansu 'yan'uwanmu ne. Kayan haɗi duk suna nan kusa: zif da zare mai ƙarfi da fata a kasuwar fata ta Mushin, tsohon bel ɗin kujerar mota a kasuwar kayan mota ta Ladipo, wanda an yi shi ne don ya riƙe mutum a lokacin haɗari, ballantana kilo 10 na kayan aiki. Ko jakar kanti ka saya, kai ta a ƙara mata ɗinki a mariƙi da kusurwoyi tun tana sabuwa, kada ka jira ta yage. Sauran kulawar kaɗan ce: a zazzage ta duk mako, idan ta jiƙe a kwashe kayan a bar ta a buɗe ta sha iska, a shafa ɗan mai a ƙarfen filaya ban da mariƙin.

Ranar da yaron ya dawo da matacciyar jakarsa, na kai shi wurin wani dattijo mai ɗinkin tamfol a bayan tasha. Muka baje kayan aikin a kan tabarma, dattijon ya auna kowanne da zare. Ya yanko gindin wata jarkar mai lita 25 ya ce wannan ne zai zama ƙasan. Yaron ya ɗan yamutsa fuska ya ce, "Baba, ba za ta yi muni ba kuwa?" Dattijon ya ce, "Ɗana, za a rufe ta da tamfol, ba mai gani. Kai dai kawo bel ɗin nan in zagaya da shi ta ƙasa." Kwana 5 aka yi ana ɗinkin. Jakar ba ta da tambarin kowa, tana da aljihu 14 da wurin mita a sama, cikinta an yi shi da ragowar tamfol ruwan ɗorawa. Da ita ya ƙarasa waccan damina, ya yi ta bara gaba ɗaya, yawancin aikinsa kuma a Ajah ne. Sau ɗaya kan zif ya kafe, dattijon ya canza shi yaron na tsaye.